Baƙin Mai: Darasin da Na Koya Ranar da Injin Yayana Ya Buga

Kuɗin rajistata na jami'a daga bayan wata tsohuwar Hilux suke fitowa. Yayana ne ke tuƙa ta, yana kwaso gero da wake daga ƙauyukan Zurmi zuwa Ƙaura Namoda, ranar Alhamis kuma ya nufi kasuwar Shinkafi. Da zarar ya sauka daga kwalta, sai rairayi da ramuka da ƙura. Da damina kuma taɓo da ƙoramu.

A watan Afrilun bara, ana tsananin zafi, motar ta fara wata irin ƙara, sai kuma ta tsaya cak. Ina gida hutu, don haka tare muka ja ta zuwa gareji. Bakanike, wani dattijo, ya kwance inji ya girgiza kai, ya ce ya buga.

Na ce, "Yaya, ba ka yi juye ba ne?"

Ya ce, "Na yi mana. Man awo na saya a bakin hanya, har na murza a yatsa, kauri gare shi."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kauri a yatsa daban, kauri a cikin inji mai zafi daban."

Wata guda motar na ajiye, ni kuwa da ƙyar na yi rajista. Abin da ya sa na zauna na fahimci maganar baƙin mai ke nan.

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, ya rage zafi, ya kwashe datti ya kai wa filta. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30, ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyi ta SAE. Harafin W na nufin hunturu. Lambar da ke gabansa tana nuna saurin gudun mai idan inji na da sanyi: iya ƙanƙantarta, iya saurin isarsa ko'ina da asuba. Ta biyu kuwa kaurinsa ce a zafin digiri 100. A yankinmu, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, mai da ya cika tsinkewa ba zai kare tsohon inji mai ɗaukar kaya ba. Amma wanda ya cika kauri ma yana jinkirin hawa saman inji, musamman a sababbin motoci. Saboda haka lambar da kamfanin mota ya rubuta a littafinta ita ce abin bi.

Sai ka duba alamar API. Idan ta fara da S, kamar SL ko SN, man na injin fetur ne. Idan da C ta fara, kamar CI-4, na dizal ne. Masu babur kuma, 'yan'uwana ɗalibai da 'yan kabu-kabu, ku nemi alamar JASO MA. A yawancin babura kuloci na cikin mai ɗaya da inji, kuma wasu mayukan mota na sa shi santsi, babur ya rasa ƙarfi.

Babban abokin gaba a hanyoyinmu shi ne ƙura. Idan ta kuɓuce wa filtar iska ta gauraya da mai, sai ta riƙa goge ƙarfe a hankali. Shi ya sa kamfanonin mota ke cewa mai bin hanyar ƙura da kaya masu nauyi ya riƙa juye da wuri fiye da mai yawo a kwalta, ya kuma sauya filtar mai tare. Da damina, in ka ratsa ruwa mai zurfi, zaro sandar awon mai ka duba. Idan ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Kada ka ci gaba da tafiya sai an juye.

Game da saye, hukumar SON ta sha gargaɗi kan jabun baƙin mai a kasuwanni. Man awo ba shi da lamba, ba shi da suna, wani ma tsohon mai ne aka tace. Sayi galan mai hatimi a wurin da ka amince, a buɗe a gabanka, kuma ka huda shi bayan an zuba don kada a sake cika shi a sayar wa wani.

Yanzu Yaya na da ɗan littafi a aljihun mota. Duk juye sai ya rubuta rana da kilomita da lambar mai. Ya ce araha ba ta ado, kuma kuɗin da ya kashe a gyaran inji sun isa su saya masa mai mai kyau na shekaru. Idan akwai mota ko babur da ke ciyar da gidanku, yau ka tambayi mai tuƙa shi wace lamba yake zubawa.