Toshewar jijiyar jini a bayan ido: ciwon da ke cin gani ba tare da zafi ba

Yawancin ciwon idon da jama'a suka sani yana zuwa da alama: ja, ƙaiƙayi, kwantsa, hawaye, ko farar yana da kowa ke iya hanga. Toshewar jijiyar jini ta bayan ido ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum yakan kwanta lafiya, ya tashi da asuba ya tarar ido ɗaya yana gani dishi-dishi kamar cikin hazo, ko wani gefe na abin da yake kallo ya yi duhu. Idon fari tas, babu zafi. Da yake ɗayan idon yana aiki, wasu ma ba su lura sai ranar da suka rufe mai lafiyar bisa tsautsayi. Wannan rashin zafin ne ke sa a makara zuwa likita.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri da likitoci ke kira retin. Shi ke karɓar haske ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri, makula, wanda faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, amma da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Jini na shiga wannan tantani ta jijiya guda mai kawowa, ya fita ta jijiya guda mai maidawa, kowace da rassanta. Idan mai maidawar ta toshe, jini na ci gaba da shigowa amma ya rasa mafita. Abin da ke faruwa da unguwa cikin damina idan leda ta cushe magudanar ruwa, shi ne ke faruwa a nan: ƙananan jijiyoyi su cika su kumbura, jini da ruwa su tsiyaye cikin tantanin. In ruwan ya taru a makula, gani ya dushe, layi miƙaƙƙe ya koma karkatacce.

Toshewar iri biyu ce. Akwai ta reshe, wadda ke taɓa wani yanki na tantanin kawai, kuma ita ta fi yawa. Akwai ta babbar jijiya, a daidai inda take fita daga ido, wadda ke shafar tantanin gaba ɗaya kuma ta fi muni. Wani ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a shekara ta 2015 mutane kimanin miliyan 28 ke ɗauke da ciwon, wajen miliyan 23 na reshe, kusan miliyan 5 na babbar jijiya. Cikin cututtukan jijiyoyin retin, lalacewar da ciwon suga ke haddasawa ce kaɗai ta fi shi yawa.

Babban mai laifi shi ne hawan jini, wato tansiyo. Dalilin yana cikin yadda aka halicci idon: a wuraren da jijiya mai kawo jini ta gitta ta kan mai maidawa, kube ɗaya ne ya lulluɓe su biyun. Shekaru na tansiyo kan sa mai kawowar ta yi kauri ta yi tauri, sai ta danne ƴar uwarta mai laushi. Jini ya rage gudu a wurin, ya daskare, hanya ta rufe. Shi ya sa ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Ciwon suga, yawan kitse cikin jini, shan taba da hawan jinin ido duk suna ƙara haɗarin. Idan ya sami matashi, likita kan nemi wani dalili, kamar ciwon da ke sa jini saurin daskarewa, kuma yakan tambayi mace ko tana shan ƙwayoyin tazarar haihuwa.

A Nijar wannan magana ba ta nesa ba ce. Binciken lafiyar jama'a ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin manya huɗu yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su taɓa awo ba. Ga wasu, idon ne ke fara tona asirin tansiyon da ya daɗe yana ɓarna a ɓoye. Jijiyoyin ido su ne kaɗai jijiyoyin jini da likita ke iya kallo kai tsaye ba tare da ya tsaga jiki ba, kuma abin da ya gani a can yana ba da labarin halin da na zuciya, ƙoda da ƙwaƙwalwa suke ciki. Wanda jijiyar idonsa ta toshe yana cikin waɗanda ya kamata a tsare wa shanyewar ɓarin jiki.

Ana gane ciwon ta awon da ake rubutawa a takarda da Faransanci fond d'œil. A ɗiga magani ya buɗe baƙin ido, likita ya haska ya leƙa ciki. Awon ba ya ciwo, sai dai gani kan yi hazo na ƴan awoyi bayansa, don haka bai kamata mutum ya tuƙa babur ko mota ya koma gida da kansa ba. Inda akwai na'urar OCT, tana nuna kaurin ruwan da ya taru a makula, kuma da ita ake bin diddigin ko magani na aiki. Irin wannan awo aikin sashen ido ne na manyan asibitoci, a Yamai, Maradi, Damagaram ko Tawa. Abin da CSI na kusa zai iya yi shi ne auna tansiyo da suga, ya kuma ba da takardar turawa.

Babu maganin da ke buɗe jijiyar da ta riga ta toshe. Abin da ake yaƙa shi ne ɓarnar da ke biyo baya, kuma a nan an samu ci gaba na gaske cikin shekaru 20 da suka wuce. Tantanin da ya rasa isasshen jini yakan saki wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa jijiyoyi yoyo. Akwai allurai da ke kashe ƙarfinsa, irin su Avastin, Lucentis da Eylea, kuma cikin ƙwayar ido ake yin su. Jin haka kaɗai kan sa wasu su gudu, alhali ana kashe zafin wurin da maganin ɗigawa kuma aikin ƴan mintoci ne. Matsalar gaskiya ita ce allura ɗaya ba ta isa. Akan fara da wata-wata, sannan a riƙa tsawaita tazara, wani lokaci har shekara biyu ko fiye. Ga manomin da ke tafiyar yini kafin ya isa birni, kuɗin mota da na allura nauyi ne babba, kuma wanda ya tsaya a allura ta biyu don ya ga sauƙi, sau da yawa ruwan kan dawo. Avastin, wanda asalinsa maganin kansa ne, ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, shi ya sa shi aka fi amfani da shi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma maganin kortizon da ake sakawa cikin ido ya yi aiki na wasu watanni, sai dai yana iya tada hawan jinin ido ko ya gaggauta yana.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne daga baya, lokacin da mai ciwon ya riga ya saba da raunin ganinsa. Idan yanki mai faɗi na tantanin ya rasa jini, ido kan tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari. Suna iya fashewa su cika ido da jini. Suna iya kuma toho a gaban ido su rufe hanyar da ruwan ido ke fita, sai matsin cikinsa ya hau, ido ya yi ja, ya yi ciwo mai hana barci, gani ya tafi gaba ɗaya. Likitoci na yi wa wannan laƙabi da hawan jinin ido na kwana 100, don yakan bayyana kimanin wata uku bayan toshewar babbar jijiya. Ana iya riga shi da hasken lazar, wanda ke ƙona yankunan da suka mutu don su daina kiran sababbin jijiyoyi. Saboda haka ne likita ke cewa a dawo kowane wata a watanni shida na farko, ko da mutum bai ji wani canji ba.

Sakamakon ya bambanta. Toshewar reshe da ba ta taɓa makula sosai ba takan yi sauƙi, wani lokaci da kanta. Toshewar babbar jijiya da ta yanke jini ƙwarai ba kasafai gani ke dawowa yadda yake ba, ko da magani. A nan burin shi ne a tsira da idon, a kuma kare ɗayan.

Tabarau ba ya gyara wannan ciwo, haka ma tozali da magungunan ɗigawa na kasuwa, don ba su kai wa bayan ido. Waɗanda ke ɗauke da kortizon ma suna iya ƙara matsin ido in an daɗe ana ɗiga su. Shan asfirin ba da umarnin likita ba shi ma ba ya buɗe jijiyar. Wanda ke da tansiyo ko suga yana buƙatar a duba bayan idonsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma riƙe tansiyonsa ƙasa da 14/9 da shan magani kullum da rage gishiri da dunƙulen miya. A gida, ana iya rufe ido ɗaya da tafin hannu a kalli ƙofa ko layin rubutu, sannan a sauya. In gani ya ragu farat ɗaya a ido guda, ranar ce ta zuwa likita, domin toshewar jijiya mai kawo jini ma haka take farawa, kuma ita awoyi kaɗan take bayarwa.