Ko Kun Sani? Manhajar da Gwajinta Ya Ninka Ta Sau 590

Ko kun san cewa duk wayar Android ko iPhone da ke hannun jama'a a kasuwar Shinkafi ko ta Zurmi tana ɗauke da wata 'yar manhaja mai suna SQLite? A cikinta WhatsApp yake adana saƙonninku. Wani Ba'amurke, D. Richard Hipp, ya fitar da ita a 2000, ya kuma sakar wa duniya ita kyauta, kowa ya duba cikinta.

A ƙidayar masu kula da ita ta 2023, layukan rubutun manhajar sun kai kusan 156,000, amma na gwada ta sun haura miliyan 92, wato ninki 590. Ƙa'idarsu ita ce idan wani ya kai rahoton tangarɗa, ba a cewa an gyara sai an rubuta sabon gwajin da zai kama ta in ta sake ɓullowa. Haka gwaje-gwajen suke taruwa shekara da shekaru, kuma su ma sai ana bin su da gyara.

Wanda ya fi shafar mu shi ne gwajin ɗaukewar wuta. Suna kwaikwayon mutuwar na'ura ana tsakiyar ajiye bayani, sannan su duba ko wani abu ya lalace. Inda caji kan ƙare babu shiri, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda za su iya sauke manhajar da yawancin gwaje-gwajenta daga intanet su nazarce su, ba ko kwabo.