Jiran Kashi na Biyu: Abin da 'Yan Kallo Suka Sa Rai da Shi Game da Fim ɗin Space Jam

A cikin watan Nuwamba na 1996 kamfanin Warner Bros. na ƙasar Amurka ya fitar da wani fim mai suna Space Jam, wanda a cikinsa aka haɗa mutum mai jini da tsoka da halittun zane masu motsi, wato katun, aka sa su wasan ƙwallon kwando a fili ɗaya. Mutumin shi ne Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwando na ƙungiyar Bulls ta birnin Shikago. Halittun kuwa su ne zomon nan Bugs Bunny da 'yan'uwansa da ake kira Looney Tunes. Sai da aka yi shekara ashirin da biyar kafin kashi na biyu ya fito, a ranar 16 ga Yuli, 2021, da sunan Space Jam: A New Legacy. Wannan maƙala za ta duba abin da masoya fim ɗin suka sa rai da shi a tsawon wannan jira, da kuma dalilin da ya sa abin da suka samu bai kashe musu ƙishirwa ba.

Haɗa ɗan Adam da zane ba sabon abu ba ne a sana'ar majigi. Tun 1945 Gene Kelly ya taka rawa da ɓeran nan Jerry a fim ɗin Anchors Aweigh, sa'an nan a 1988 fim ɗin Who Framed Roger Rabbit ya kai dabarar matuƙa. Abin da Space Jam ya zo da shi sabo shi ne cewa mutumin da aka sa ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, kuma bai ari sunan kowa ba. Jordan ya fito ne a matsayin Jordan. Asalin haɗin ma talla ce: a 1992 kamfanin Nike ya haɗa shi da Bugs Bunny don sayar da takalma, kuma Joe Pytka, wanda ya shirya tallar, shi ne ya ba da umarnin fim ɗin daga baya.

Abin lura a nan shi ne, labarin fim na farko ya kafu ne a kan wani giɓi na gaskiya a rayuwar Jordan. A watan Oktoba na 1993, bayan ya ci kofin ƙasa sau uku a jere, kuma bayan an kashe mahaifinsa a watan Yuli na wannan shekara, Jordan ya ajiye ƙwallon kwando ya koma wasan besbol, inda bai yi wani abin a zo a gani ba. A watan Maris na 1995 ya dawo. Jama'a sun daɗe suna tambayar abin da ya fitar da shi da abin da ya komo da shi, sai fim ɗin ya ba da amsa irin ta tatsuniya: wai wasu ƙananan halittu daga sararin samaniya ne suka sace gwanintar 'yan wasa biyar, cikinsu har da Charles Barkley da Patrick Ewing, suka zama dodanni, shi kuwa zomo ya janyo Jordan cikin rami don ya cece su daga bauta, daga nan sha'awar wasan ta dawo masa. A lokacin da fim ɗin ya fito, Bulls sun riga sun ci wasa 72 cikin 82 a kakar 1995 zuwa 1996, sun kuma sake ɗaukar kofi. Saboda haka yaron da ya shiga silima ya ga ƙarya da gaskiya sun saje, ya fito ya tarar gwarzonsa yana nan yana ci. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 230 a duniya, ban da kuɗin riguna da takalma da faya-fayan waƙa.

Shi kansa Bugs Bunny, wanda ya bayyana sosai tun 1940, mai karatu zai gane shi in ya tuna Gizo na tatsuniyoyin Hausa: ba shi da ƙarfi, sai wayo da baki, kuma dokar duniya ba ta ɗaure shi. A fim na farko wannan hali ne ya warware rikici, domin a daƙiƙar ƙarshe Jordan ya gane cewa a ƙasar zane jikinsa ma na iya bin dokar zane, sai ya miƙa hannunsa ya yi tsawo daga tsakiyar fili ya jefa ƙwallo a kwando. Gwani ya koyi abu daga wawaye, kuma wannan ne gishirin labarin.

Tun fim ɗin na tashe aka fara maganar kashi na biyu, amma Jordan bai yarda ya sake fitowa ba. An yi ta shawarar sa wasu a gurbinsa, kamar Jackie Chan da Tony Hawk, abin bai tabbata ba. A 2003 aka fitar da Looney Tunes: Back in Action ba tare da ƙwallon kwando ba, ya faɗi a kasuwa, magana ta kwanta. Ba ta sake tashi sosai ba sai wajen 2014, da aka fara ambaton LeBron James. Daga nan ma sai da aka yi ta canza masu ba da umarni: an ambaci Justin Lin, sa'an nan Terence Nance ya fara aikin, a watan Yuli na 2019 aka maye gurbinsa da Malcolm D. Lee ana cikin ɗauka.

A wannan tsakani yaran 1996 sun girma, sun zama iyaye, kuma su ne suka fi kowa ɗaga murya a intanet. Idan aka natsu aka dubi abin da suke nema, za a ga ba labari na biyu suke jira ba. Abin da suke so a dawo musu da shi shi ne ƙuruciyarsu, da yadda suka ji a ranar da suka fara kallo. Masu sharhin fina-finai na 1996 ba su yaba fim ɗin can-can ba, da yawansu sun ɗauke shi doguwar talla ce kawai; amma tsawon zamani ya wanke shi a idon masoyansa har ya zama ma'auni. Hatta shafinsa na intanet na 1996, wanda kamfanin ya bari bai taɓa ba shekara da shekaru, ya zama wurin ziyara kamar kufan gidan kakanni. Alamar wannan hali ta fito fili a watan Maris na 2021, lokacin da aka nuna sabon zanen Lola Bunny, zomanyar da aka ƙirƙiro a fim na farko, an sauya mata siffa da sutura. Manya ne suka yi ta gardama a kai kwana da kwanaki, ba yara ba, alhali ko fim ɗin bai fito ba.

Rukuni na biyu na masu jira su ne masoya ƙwallon kwando, su kuwa damuwarsu daban ce. Tsohuwar muhawara ce a tsakaninsu: wane ne ya fi, Jordan mai kofi shida ko LeBron wanda ya ci na huɗu a 2020? Daɗin daɗawa, a watan Afrilu na 2020, jama'a na kulle a gida saboda annobar korona, aka fara nuna The Last Dance, tarihin Jordan da Bulls cikin kashi goma, wanda ya sabunta martabarsa a zukata. Don haka da LeBron ya shiga fili tare da zomo, da yawa sun zo ne su auna shi da wanda ya gabace shi, kuma wasu sun yanke hukunci tun daga gida. Masu shirya fim ɗin sun san da haka. A tsakiyar wasa suka sa aka yi shelar cewa ga Michael Jordan nan ya zo agaji, sai ga ɗan wasan kwaikwayo Michael B. Jordan ya shigo. Raha ce mai kyau, wataƙila ma ita ce mafi kyau a fim ɗin, amma tana tona asirin cewa wanda ake jira ba ya nan.

To, me aka ba su? LeBron ba shi da giɓi irin na Jordan da za a cika da tatsuniya, saboda haka aka ƙirƙira masa matsala: ɗa na ƙage mai suna Dom, wanda ya fi son ƙera wasannin kwamfuta, uban kuwa yana tilasta masa ƙwallo. Wata na'ura mai tunani, wadda Don Cheadle ya fito a siffarta, ta sace su biyun zuwa cikin rumbun kwamfutocin Warner Bros. Jigon uba da ɗa ba shi da laifi, kuma an ƙara da 'yan wasa mata, Diana Taurasi da Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan asalin Nijeriya ne, abin da fim na farko bai yi ba. Inda aka yi ɓatan kai shi ne yadda kamfanin ya fassara begen jama'a. Ya ɗauka tun da tsohon abu suke so, to a zube musu dukan tsofaffin kayan da ya mallaka: aka bi da labarin ta cikin Casablanca da The Matrix da Mad Max, aka cika gefen fili da King Kong da ɗaruruwan irinsa. Wasan da kansa aka mai da shi na kwamfuta mai ba da maki barkatai, har ya zama ba a san abin da ci yake nufi ba, Bugs da 'yan'uwansa kuma aka raba su da zanen hannu a yawancin wasan aka yi musu jiki irin na kwamfuta. Fim na farko bai kai minti 90 ba. Wannan ya doshi sa'a biyu.

An kashe wajen dala miliyan 150 a kansa, ya tara kimanin miliyan 163 a gidajen silima. Adalci ne a ambata cewa ya fito ne annoba ba ta gama lafawa ba, kuma a rana ɗaya aka sa shi a HBO Max don masu kallo a gida, don haka kuɗin ƙofa kaɗai ba zai nuna yawan waɗanda suka gan shi ba. Masu sharhi dai sun yi masa kaca-kaca, Pytka ma ya fito ya kushe shi, sa'an nan a 2022 aka ba LeBron lambar Razzie ta ɗan wasan da ya fi kowa rashin iyawa, wadda ake bayarwa don ba'a.

Akwai rukuni na uku da ba a cika jin muryarsu ba a duk wannan taƙaddama, wato yaran 2021, waɗanda ba su ga Jordan yana wasa ba, ba su kuma san Casablanca ba balle su gane barkwancin da aka yi da shi. Su ne ainihin waɗanda aka ce an yi fim ɗin dominsu, kuma shi LeBron da kansa shekararsa goma sha ɗaya lokacin da na farko ya fito. Hukuncin waɗannan yara ba zai bayyana ba sai sun kai shekarun da iyayensu suka kai a 2021.