Ko Kun Sani? Aikin Murfin Lagireto

Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, amma murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsi a ciki, har ruwan ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Shi ya sa tsohuwar akori-kura, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, takan ɗauki zafi da lodi a hanyoyin Birnin Tsaba da Zurmi idan robar murfin ta cinye. Kafin a sauya lagireto ko famfon ruwa, a fara duba murfi da tiyo da bel. Ruwan rijiya zalla kuma yana kawo tsatsa, ya toshe bututu. Kada a buɗe murfin lagireto idan inji na da zafi.