Karatun Gida da Abin da Yake Haifarwa

Tun kafin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, yaro a Dutsin-Ma ko Kurfi a zaure yake fara riƙe allo, yarinya kuwa sau da yawa a cikin gida. To, me irin wannan karatu yake haifarwa?

Binciken Scribner da Cole game da al'ummar Vai ta Laberiya, wanda aka buga a 1981, ya nuna kowane karatu yana ƙarfafa abin da aka fi nanatawa a cikinsa. Masu karatun Alƙur'ani sun yi fice wajen hadda daki-daki, 'yan boko kuwa wajen bayyana dalilin amsarsu. A Amurka, yaran da aka koyar a gida sukan ci jarrabawa sosai, amma akasarin waɗanda aka gwada iyayensu masu ilmi ne da wadata.

Da aka rufe makarantun Jihar Katsina a Disamba 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, sai nauyin ya koma gida. Inda uwa ta iya karatu, yaro yana da mai yi masa bita. Inda ba ta iya ba, littafi a jaka yake kwana. Ashe ilmin iyaye mata shi ne jarin karatun gida.