Ɗigon Danƙon Da Ke Cinye Gonar Shinkafa

Ganyen shinkafa yana lulluɓe da wani kaki mai santsi, wanda ko ruwa ya sauka a kansa sai ya gangara. To, ta yaya ƙwayar cutar da iska ta kwaso take samun wurin zama a kansa? Amsar wannan tambaya ita ce tushen cutar ƙunar shinkafa, wadda wata funfuna da masana ke kira Magnaporthe oryzae take haddasawa a Asiya da Afirka, har da fadamunmu.

Ƙwayar irin wannan funfuna ido ba ya ganinta, don sai an jera kamar 40 kafin su cika milimita ɗaya. A madubin likita siffarta ta 'yar gora ce, gindi da faɗi, kai da tsini, an raba cikinta ɗaki uku. A shekarar 1988 John Hamer da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa a can bakin tsinin, tsakanin ɓawon ƙwayar da tantanin cikinta, akwai wani yauƙi a ajiye tun kafin ta bar uwarta. Haɗinsa ya ƙunshi furotin da dangin sukari. Muddin ƙwayar tana a bushe, yana nan a kulle. Da zarar raɓa ta jiƙa ta, sai ɓawon ya tsage, yauƙin ya kwararo ya like ta da ganye. Ƙarfin kamunsa ya kai har ga Teflon, watau abin nan da ake shafe cikin tukwane da shi don kada abinci ya kama.

Bayan ta zauna daram, sai ta fitar da tsiro, ƙarshensa ya kumbura ya zama ƙulli. A 1991 aka auna matsin da ke cikin ƙullin, aka tarar ya ninka na tayar mota wajen sau 40. Da shi take huda ganye. Kafin mako ya zagayo tabo mai siffar ido ya bayyana, yana zubar da dubban sababbin ƙwayoyi.

Ashe ke nan raɓa ce mabuɗin ɓarnar. Saboda haka malaman gona ke gargaɗi kada a cunkushe shuka, domin ganye ya bushe da wuri, kada kuma a zarce kima wajen zuba takin yuriya, sa'an nan a nemi iri mai jure cutar. Ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su lura: wanda ya gano yadda za a hana wannan danƙo kamawa, ya tare cutar tun daga bakin ƙofa.