Giwa Tana Magana, Kunnenmu Ne Bai Kai Ba

Yaron Rara ko Wurno a jihar Sakkwato zai iya yin furfura yau bai ga giwa ba sai a hoto, amma ba ta yi mana nisan da ake zato ba. A 2018 giwaye sun ɓulla a gonakin Zariya Kala-Kala ta jihar Kebbi, yankin da har 1991 cikin jihar Sakkwato yake, kuma akwai garkuna a gandun dajin W na Nijar da na Yankari a Bauci. Masu bin sawunsu sun daɗe suna mamakin abu guda: garke ya warwatsu cikin kurmi, wata ba ta ganin wata, sai duk su ɗaga kai lokaci ɗaya su nufi waje guda, alhali ba a ji kukan kowa ba.

Amsar ta fara fitowa a 1984, lokacin da wata mai bincike, Katy Payne, ta tsaya kusa da giwaye a gidan namun daji na Portland a Amurka, ta ji iska tana rawa a jikinta ba tare da ta ji ƙara ba. Da aka naɗi sautin aka ƙara masa sauri, sai ga gurnani cike da faifan. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da girgizarsa ta gaza sau 20 a sakan ɗaya, gurnanin giwa kuwa yakan sauka har wajen 14. Sauti mai kauri haka ciyawa da itatuwa ba sa cinye shi da wuri. A dajin Etosha na Namibiya an saka shi a lasifika, giwayen da ke nisan kilomita 2 suka tsaya cak suka baza kunnuwa. Da almuru, idan iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi, tafiyarsa takan ninka, kamar yadda amon tambari ke ratsa ƙauyuka da dare fiye da tsakar rana. Wani sashensa ma ta cikin ƙasa yake bi, kuma binciken Caitlin O'Connell ya nuna giwa na jin wannan girgiza ta tafin ƙafarta.

Wani zai ce ai jaki ma yana kuka, me ya sa za a kira na giwa magana? Gaskiya ne ba harshe ba ne irin namu, kuma rahoton 2024 da ya ce giwayen Kenya na kiran juna da wani abu mai kama da suna yana buƙatar ƙarin hujja. Amma abin da ya tabbata ya isa. A dajin Amboseli na Kenya, Karen McComb ta gano cewa giwa mace tana bambance muryoyin wasu giwaye wajen 100, kuma garken da tsohuwa ke jagoranta ya fi sanin muryar baƙo daga ta na gida. A 2014 an nuna har muryar mutane suna tantancewa: sukan dunƙule su kare 'ya'yansu idan sun ji namijin Masai, ƙabilar da ke sukarsu da mashi, fiye da idan sun ji ɗan ƙabilar Kamba. Wannan sani koyonsa ake yi. Giwayen Pilanesberg a Afirka ta Kudu, waɗanda aka harbe iyayensu suna ƙanana, sun girma ba sa rarrabe murya yadda ya kamata ko bayan shekaru masu yawa. Ke nan maharbin da ya zaɓi babba saboda haurenta ya kashe ma'ajiyar ilimin garke duka.

Ƙorafin manomi kan ɓarnar giwa ya fi na mai batun jaki nauyi, kuma ba abin rainawa ba ne. Wanda ya zuba guminsa a fadamar shinkafa a bakin gulbin Rima ya san abin da ɓarnar dare ɗaya ke nufi ga gida. Sai dai sauraron giwa shi ne ya kawo wa manomi mafita. Lucy King ta gano a Kenya cewa giwa na gudun ƙarar ƙudan zuma, tana kaɗa kai, tana wani gurnani na musamman da ke sa sauran su gudu. Daga nan aka fara kewaye gonaki da amya rataye a waya: giwa ta taɓa wayar, amya ta girgiza, zuma ta tashi. A gonakin da aka gwada, kimanin kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro sun juya. Dabarar takan yi rauni a shekarar fari idan zuma ta bar amya, amma rataya amya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ga kuma zuma ta sayarwa.

Saboda haka, duk garin da giwaye suka sake ɓulla, a sanar da hakimi da jami'an gandun daji, a buɗe musu hanya su wuce, kuma kada a ɗaga bindiga a kan tsohuwar da ke gaba.